Fatsar da Na Ara wa Maigida

Ni ban yi boko ba, jikata ce ke rubuta wannan, amma labarin nawa ne, kuma na ce mata kada ta gyara mini baki.

Tun da masaƙa ta sallame su a Kakuri, maigidana ya koma kogi. Gidanmu a Nasarawa yake, ruwan Kaduna na bayanmu. Yana da wata jakar buhu cike da kayan kamun kifi: igiya mai kauri, dalma kamar babban yatsa, ƙugiyoyi manya na giwan ruwa. A garinsu mace ba ta taɓa kayan kamun mijinta, wai kifi zai gudu. Ni kuwa ɗiyar masunci ce daga bakin Binuwai, a gindin kwalekwale na yi wayo, amma na kama bakina. Ko shara nake, sai in kewaye jakar.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa masa hannun dama. Da ya ɗan warware ya ɗauki jakarsa ya tafi. Ya ɗaga dalmar nan zai wurga, ita ta tafi da shi, ya faɗa cikin taɓo. Masu wanki suka kawo mana shi.

Babbar 'yarmu nas ce, ba ta wasa. Ta ce, "Baba, kai da kogi an gama."

Ya juya fuska ga bango. Tuwo ya dawo yadda na kai shi, har rediyonsa ya daina kunnawa. Na dubi mutumin nan na san idan aka raba shi da ruwa ba zai ga damina ba.

Na ce wa 'yar, "Ki bar mini shi zuwa saukar ruwan sama. In ya sake faɗuwa, ki ƙona jakar."

Na shiga kasuwa na sayi zaren roba mafi siriri, da ƙugiya 'yar mitsitsiya. Na yanko sandar gora marar nauyi, na ɓare kara na ciro totuwa don ta yi yawo a kan ruwa ta nuna cizo. Tanar da za a sa wa ƙugiya kuwa na haƙo a bayan randa. Babu dalma ko ɗaya.

Da ya gani ya ce, "Uwargida, ɗinki za ki yi?"

"Kifi za ka kama."

"Da kayan da mace ta taɓa?"

Na ce, "Baban yara, naka aka ce kada in taɓa, ban kuwa taɓa ba. Wannan nawa ne. Aro na ba ka, kuma ka dawo mini da abina."

Ya yi tsaki, amma ya nemi takalminsa.

Na ɗauki kujera 'yar tsugunno na kai shi inda ciyawa ta sunkuya kan ruwa. Da rani ruwa ya kwanta ya yi garau, karfasa na ganin igiya mai kauri ta kauce, haka babana ya koya mini. Na ce ba wurgi, ya sauke kawai da hannun hagu, a hankali kamar mai sa gishiri a miya.

Totuwa ta motsa. Ya fizga da ƙarfin da ya saba, zare ya tsinke.

"Kin gani? Kayan wasan yara!"

"Hannunka ne na ƙato. Ɗaga kawai, kada ka yi kokawa da shi."

Na ɗaura wata ƙugiyar. Muka zauna har inuwa ta juya. Totuwa ta nutse, ya ɗaga a hankali, sandar ta lanƙwashe, sai ga karfasa kamar tafin hannuna tana walƙiya. Mutumin da ya taɓa shigowa gida da giwan ruwa a kafaɗa, shi ne yake dariya har da hawaye a kan wannan 'yar abar.

Ranar Lahadi bayan coci 'yar ta zo, na zuba mata romon kifi. Ta ci ta siɗe hannu, sannan ta tambayi inda na saya.

Ya ce, "Saya? Tambayi hannun hagun nan."

Ta dube shi, ta dubi kwanonsa da ya share tas. Ta ce to, ya ci gaba da zuwa kogi, amma a zaune, kuma sai da Mama.

Damina ta zo ta same shi, wasu ma suka biyo bayanta. Jakar na nan rataye, har yau ban taɓa ta ba. Fatsata kuwa bai dawo mini da ita ba. Kullum na tuna masa sai ya ce bai gama da ita ba tukuna.