Tsagar Matar Yayana a Bangon Butik

Yayana mai zanen bango ne a Madawa. Rabin butik-butik, wato shagunan bakin kasuwa, zanen hannunsa ne. Yana da wani hali wanda na sha yi masa faɗa a kai: ba ya iya kwafar hoto yadda aka ba shi, sai ya ƙara wani abu, wai don fuskar ta yi kama da ta mutanenmu.

Wata shekara, bayan an gama yankan hatsi, wani mai butik ya ba shi takardar tallar sabulun wani kamfani, ya ce ya zana masa ita a bango. Mata biyu ne a jiki. Ta hagu baƙa, ta ɗaure fuska, an rubuta "kafin". Ta dama fara sol, tana dariya, an rubuta "bayan". Da na gani na ce, "Yaya, wanga abu zagi ne, wallahi." Ya ce talla ce kawai, in rufa masa baki.

Kwana biyu ya yi yana aikin. Da na biyo ta wurin, sai na ga abin da ya yi. Ya yi wa baƙar tsaga a kunci. Kuma ba kowace tsaga ba, ta gidan su matarsa ce, mutanen wani ƙauye wajen Azarori. Kakanninsu sun zauna ƙarƙashin makiyayan arewa suna yi musu bauta, kuma har yau akwai marasa kunya da ke yi musu gori da wannan. Farar kuwa fuskarta sumul. Kai! Wannan wace irin wauta ce? Shi dai fuskar da ya fi sani hannunsa ya bi.

Ranar kasuwa mutanen ƙauyen suka shigo da amalanke. Ba wanda ya ɗaga murya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Su tsaya gaban bangon, su duba, su wuce. Kafin azahar hoton ya zagaya wayoyi har Buza da Keita. Mata suka riƙa maido da sabulun suna ajiyewa a ƙofar butik. Wani ya watsa wa bangon taɓo. Mai butik ya rufe, ya ce shi bai ce a yi tsaga ba.

Yayana ya ruga ya shafe bangon da farar ƙasa, ya dawo gida hannu duk fari. Matarsa tana daka, ba ta ɗago ba. Ranar ta ba mu abinci kamar kullum. Ni dai na kasa ci, don na san aurensu ne ke lilo, shi kuwa sakaran yana cewa ai an gyara.

Washegari da hantsi kawun matar ya zo da dattawa biyu. Yayana ya durƙusa ya ce, "Baba, sannunku da zuwa." Na shimfiɗa tabarma, suka ƙi zama. Na kawo ruwa, kawun ya dubi kwanon kawai. A wajenmu baƙon da ya ƙi ruwanka ya gama magana.

Yayana ya shiga rantsuwa, kuskure ne, bai nufi kowa ba, matarsa ce ma a ransa yana zanen. Na so in toshe masa baki.

Matar ta fito da ƙunshin kayanta a ka. Shekara tara muna gida ɗaya, ban taɓa jin ta tsaya ta yi masa magana gaban manya ba. Ta ce, "Malam, na ji. Ni ce a ranka da kake zana ta farkon. To, da ka zo ta biyun, wa ka tuna?"

Ta jira amsarsa, wallahi ta jira, har kawun ya juya. Sannan ta bi bayansu. Damina uku ke nan ba ta dawo ba.