Ranar da Kawu Ya Yafe Motata

Akwai abubuwan da mutum kan manta da su da zarar shekaru sun ja, amma wannan kam ko na tsufa na rasa haƙora ba zai fita daga raina ba. Har yau idan na tuna sai takaici ya kama ni, kuma rabin haushin kaina nake ji, ba na kowa ba.

Ni malamar firamare ce, ina zaune a Damba cikin Gusau da 'ya'yana biyu. Da maigidana ya rasu, motarsa ce ta faɗo a rabonmu, wata 'yar ƙarama mai ruwan toka. Ba sabuwa ba ce, amma ya riƙe ta kamar ƙwai. Mutum ne mai tsari, shi ya sa bai taɓa yarda da inshorar nan ta nuna wa 'yan sanda a hanya ba, cikakkiya yake yi, wadda idan mota ta lalace kamfani zai gyara. Abokansa har tsiya suke masa, wai yana ciyar da mutanen da bai taɓa gani ba. Bayan na fita takaba na koyi tuƙi, kuma duk shekara ina sabunta takardar nan yadda ya saba, ko da zan hana kaina sabon zane. Da motar nake zuwa Bungudu in ɗauko Inna, mahaifiyata, in kai ta asibiti a Gusau duk bayan mako biyu saboda ciwon ƙafa da ya hana ta sakat. Wannan shi ne babban aikin motar.

Wata Asabar na je suna Tsafe, gidan wata abokiyar aikina. A hanyar dawowa, bayan la'asar, na tsaya bakin titi in sayi dankali. Na sauka sosai daga kwalta, na kashe mota, na tsallaka wajen mai dankalin. Muna cikin ciniki sai na ji wata ƙara kamar an kifar da tulin kwanoni. Ina waiwayawa na ga wata a-kori-kura shaƙe da buhunan hatsi ta kwashi gefen motata tun daga baya har ƙofar direba. Direban ya ɗan rage gudu, ya leƙo da kai, muka haɗa ido da shi, sannan ya taka mai ya yi gaba abinsa. Wallahi leƙen nan ya fi bugun ƙona mini rai. Bai san ko akwai mutum a ciki ba, bai san ko yara ne ba, ya duba ya wuce kamar akuya ya taka.

Jama'a suka taru ana ta salati. Ƙofofi biyu sun lotse, gilashi ya tarwatse, tayar baya ta karkace ta shige ciki. Ina tsaye sai wani mai faci da ke da rumfa a wurin ya kira ni.

"Malama, taho ki gani. Na ɗauke lambatai."

Ashe da gawayi ya rubuta lambar motar a jikin bangon rumfarsa. Allah Ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, domin a duk labarin nan shi kaɗai ya yi abin da ya kamata a lokacin da ya kamata.

Na kai ƙara wurin 'yan sandan Tsafe, suka rubuta bayanina, aka ja motar zuwa Gusau. Ranar Litinin na je ofishin inshora. Ma'aikacin da na samu ya ce in kawo hotuna da rahoton 'yan sanda, kuma kada bakanike ya taɓa motar sai mutuminsu ya duba. Na fito da ƙarfin gwiwa, har ina yi wa marigayi addu'a a zuci, ina cewa yau ga ranar takardarka.

Kwana huɗu aka gano a-kori-kurar. Kuma ina aka same ta? Bungudu, garinmu, unguwarmu. Ta wani Alhaji ce mai sayar da hatsi, wanda sahu ɗaya suke sallah da Kawuna, yayan Inna. Direban ƙanen Alhajin ne. Aka kama shi, aka tsare motar a Tsafe. Ban ko gama murna ba sai ga kiran Kawu, wai in zo gida gobe Juma'a bayan an sauko.

Na tarar da zaure cike: Kawu, Alhajin, limamin unguwa da wasu dattawa biyu. Aka shimfiɗa mini tabarma can bakin ƙofa, na zauna na sunkuyar da kai. Liman ya yi addu'a mai tsawo. Alhaji ya ce ƙanensa tsoro ya ji kada jama'a su yi masa duka, shi ya sa ya gudu. Ina da amsa a bakina, domin mai jin tsoro ba ya tsayawa leƙe, amma ina zan iya buɗe baki a gaban mutanen da suka ga ranar sunana? Kafin in gama haɗiye yawu Kawu ya gyara zama.

"Alhaji, wanga abu ƙaddara ne. Tun kakanni muke tare, ba mu kai juna gaban hukuma. Tunda ba a rasa rai ba, mun yahe."

Mun yafe! Motar Kawu ce? Ya taɓa zuba mata mai na kwalba ɗaya? Na ɗago kai na ce a hankali, "Kawu, gyaran fa?"

"Ke ɗiyata, ba kin ce kina da inshora ba? Ai su za su gyara miki. Mi za ki ci ga ɗaure ɗan mutane?"

Alhaji ya karɓe da cewa in sha Allahu shi ma ba zai zura ido ba, zai duba abin da ya sawwaƙa. Aka shafa fatiha, kowa na sa mini albarka, wai na yi halin uwata.

Nan ne na tafka wautar da nake cizon yatsa a kanta har gobe. A raina na ce ai gaskiyar Kawu ne, kamfani zai gyara, ni kuma na samu ladan yafiya, na fita kunyar manya, ban yi asarar komai ba. Washegari muka ɗunguma Tsafe. Aka rubuta takardar sulhu, cewa na janye ƙara, na yafe, kuma ba ni da sauran wata magana a kan direba ko mai motar. Ni da nake koya wa yara su karanta tambaya sau biyu kafin su amsa, ko sau ɗaya ban karanta ta da hankali ba. Na sa hannu, Kawu ya dangwala yatsa a matsayin shaida. Kafin azahar a-kori-kura ta kama hanyar Bungudu.

Da na koma ofishin inshora, da hannuna na miƙa wa ma'aikacin takardar, ina jin kaina mutuniyar kirki. Ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ni.

"Hajiya, wa ya ce ki sa hannu a wannan?"

Na ce manyana ne suka yi sulhu.

"Kin tambaye mu? Ƙa'idar ita ce mu gyara miki, sannan mu bi wanda ya yi ɓarnar ya biya mu. Yanzu kin rubuta kin sallame shi. Wa za mu bi? Yana cikin sharuɗɗan da ke hannunki, ba a sulhu sai da saninmu."

Ya buɗe takardar marigayi, ya ɗora yatsa a kan layin. Yana nan ɓaro-ɓaro, shekara da shekaru a cikin jakata. Na yi faɗa, na ɗaga murya har mutane suka leƙo, na ce sun iya karɓa ba su iya bayarwa ba. Na rubuta koke, na yi sintiri har takalmina ya san hanyar ofishin. Amsar ba ta canja ba.

Na koma wa Kawu ina huci. Yana kishingiɗe yana jan carbi, ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "To, ki bar wa Allah. Magana ta riga ta ƙare gaban liman, ba a tada ta." Ko a jikinsa. Shi kuwa Alhaji, abin da ya sawwaƙa ya iso bayan mako uku: buhun masara ɗaya, da saƙon gaisuwa. Na ce a mayar masa, Inna ta roƙe ni kada in ja mata magana a unguwa. Ban ci ko ƙwaya ɗaya ba, makwabta na rabar wa.

Bakanike ya ce gyaran ya fi ƙarfin albashina nesa ba kusa ba. Motar ta shekara a ƙofar gida, tayoyi suka sace, kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin hutawa, daga ƙarshe na sayar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ranar da suka zo ja, ɗaki na shige don kada yara su ga fuskata.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wata safiya da na ɗauko Inna a motar haya. An cusa mu huɗu a baya, ƙafarta mai ciwo ta matse a jikin ƙofa, tana cije leɓe don kada in ji nishinta. Muna fita Bungudu sai ga a-kori-kurar nan ta wuce mu, an yi mata sabon fenti, direban nan dai shi ne a ciki, gwiwar hannu a waje. Inna ta bi ta da kallo, ta ce, "Ba ita ce ba?" Na ce ita ce.

Ban daina ganin girman manya ba, kuma ban ce yafiya aibu ce ba. Amma na koyi cewa wanda zai ɗauki asara shi ke da ikon cewa ya yafe, kuma sai ya san abin da yake yafewa tukuna. Tun daga ranar ba na sa hannu a takarda don kunya, ko wa ke zaune a zauren. Kawu ya fita kunyar Alhaji, Alhaji ya samu motarsa, ni an sa mini albarka, amma ƙafar Inna ce ta biya.