Kurɓar Farko a Kofin Zaki

Ranar Alhamis da hantsi, Jinƙai tana wanke kofuna a bayan teburin shayin kakanta, sai ta ji ya yi tari. Sau uku ya yi shi a jere, busasshe, mai ƙarewa da 'yar ƙara a maƙogwaro. Ta tsaya da soso a hannu. Ta san wannan tarin. Mako biyu ta yi a cikinsa a ɗakin kwanan ɗalibai, inda ya bi gadaje takwas ɗaya bayan ɗaya har ya iso nata.

Kakan nata, Zaki, ya haura saba'in. A Mazanya aka haife shi, can ya yi noman gero da gyaɗa har gwiwoyinsa suka gaza, sannan ya dawo bakin iyakar Jibiya ya kafa tebur ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, kusa da inda manyan motoci ke jeruwa kafin a duba su. Direbobin Maraɗi da masu baro da ma'aikatan kwastan duk a bencinsa suke haɗuwa. Ya san mai son sukari cokali uku, ya san wanda matarsa ta hana shi madara. Ko lokacin da aka rufe iyaka motoci suka ɗauke, bai fasa hura wuta kullum ba, yana cewa abin kunya ne a buɗe hanya a tarar ba ruwan zafi. Hayaƙin wannan wutar ya cinye masa ƙirji. Ya taɓa kwanciya wata biyu, kuma jinyar da Jinƙai ta yi masa a lokacin ce ta sa ta zaɓi karatun aikin lafiya a wata kwaleji a Katsina.

Mahaifin Zaki a kan addinin gargajiya ya rasu. Shi kuwa tun yana saurayi ya shiga coci, ya bar komai na da, sai abu guda. Duk ɗan gida da ya dawo daga tafiya, zai zuba shayi a kofinsa na tasa mai shuɗin baki, wanda mai saye ba ya taɓawa, matafiyin ya fara kurɓa, shi ya shanye sauran. Wai haka maigida ke sauke wa nasa gajiyar hanya. Fasto ya taɓa yi masa magana a kai, ya ce ai shayi ne kawai.

Murar ta shigo kwalejin ne da sanyin bana, daidai lokacin jarrabawar ƙarshe. Zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, sai tarin. Jinƙai ta riƙa haɗiyar ƙwaya kafin kowace takarda. A ɗaya daga cikinsu ma da hannunta ta rubuta yadda irin wannan mura ke yaɗuwa, da waɗanda ta fi kayarwa: tsofaffi da masu ciwon ƙirji. Ƙawarta Ummu Salma ta ba ta shawara ta ƙara kwana huɗu kafin ta tafi gida. Ta ƙi, domin Zaki ya riga ya shaida wa kowa a bakin iyaka ranar da likitarsa za ta iso. Ta dai ɗaura takunkumi tun daga tasha, ba ta cire ba har ta sauka.

Bencin cike yake ranar Litinin ɗin da ta iso. Wani direban Maraɗi, Rabe, shi ya fara hango ta, ya ce ga 'yar lakwal, wato 'yar boko, nan tafe ta ƙunshe baki kamar mai shiga ɗakin tiyata. Zaki ya ajiye buta ya ƙare mata kallo. Tun tana rarrafe yake kiran ta amarya, irin wasan kaka da jika.

“Amarya, kin samo wani mijin a birni ke nan? Ko warin hayaƙi nake yi miki yanzu?”

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce tsoho ya haƙura, boko ya ƙwace masa mata. Magana guda ta ishe ta: mura nake yi. Ta zo mata har bakin harshe. Amma ta dubi mutanen da aka shekara uku ana yi wa alfahari da ita, ta ji ba za ta iya tsayawa gabansu a matsayin likitar da ta dawo da ciwo ba, balle ta ƙi kofinsa a idon jama'a. Ta ja takunkumin ƙasa, ta ce wa zai so shi in ba ita ba.

Ya miƙo kofin. Ta ɗan taɓa shayin da leɓe, sannan ta juya kofin a hankali yadda wurin da bakinta ya taɓa zai koma nesa da nasa. Zaki ya karɓa, ya juyo da shi daidai wurin, ya shanye.

Daga tarin Alhamis, kafin Asabar ya kasa tsayuwa bakin wuta. Numfashinsa ya koma sama-sama, leɓunansa suka sauya launi. Jinƙai ce ta dage a kai shi asibiti a Katsina, Rabe ya kawo ƙaramar motar ƙaninsa. Gwaggo Sarai, 'yar Zaki ta fari, tana shimfiɗa masa zane a kujerar baya tana gaya wa mutane da ba don karatun yarinyar nan ba da sun zauna suna dafa masa citta. Kowa ya sa mata albarka. Jinƙai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da za a rufe ƙofa ta durƙusa gefen motar, ta faɗa wa Zaki a hankali cewa ita ta kawo masa ciwon, ta sani kuma ta yi shiru. Sai da ya huta sau biyu kafin ya haɗa amsa.

“Na ji zafin hannunki tun da kika amshi kofin. Ki kula mini da wuta, amarya.”

Gwaggo Sarai ta ji. Ta gyara ɗankwali ta shiga kujerar gaba, ba ta sake duban Jinƙai ba.

Jinƙai ba ta bi su ba, saboda tarinta bai gama warkewa ba. Tun ranar ita ke hura wutar, da takunkumi a fuska, kuma babu wanda ya sake tsokanar ta. Direbobi sukan tambayi jikin tsoho, ta ce da sauƙi, ko da yake ba ta sani ba. Kofin mai shuɗin baki ta tafasa shi sau biyu ta kife a kan tebur.

Jiya Gwaggo Sarai ta kira, magana gajera. An sa masa iskar taimakon numfashi, an ɗauki hoton ƙirjinsa, yau likita zai duba ya faɗi abin da ya gani. Wayar tana gefen gwangwanin sukari tun safe. La'asar ta wuce, har yanzu ba a kira ba.