Kullutun da Inna Ta Ɓoye

Har gobe idan na ji ƙamshin man kaɗanya sai ranar nan ta dawo mini sabuwa, kuma na san ba zan manta da ita ba muddin ina numfashi. Na zo hutun makaranta a ƙauyenmu kusa da Farin Dutse. Da hantsi ina shafa wa mahaifiyata mai a baya, sai hannuna ya zarce gefen cibiyarta, na ji wani kullutu kamar ƙwan zabo a ƙarƙashin fata. Ta yi maza ta ja zani ta rufe.

"Inna, mene ne wannan?"

"Ke dai shafa inda aka sa ki."

Na san dalilin ɓoyon. Da kullutu ciwon yayarta ya fara, aka ce ciwon daji ne, damina ba ta zagayo ba muka rasa ta. Inna kuwa dama tana fama da ciwon suga, kullum ita ke yi wa kanta allurar insulin, kwalbar tana binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa saboda zafi. Sai a lokacin na gane abin da ya sa ta ba ni zannuwanta na cikin adaka, waɗanda ko taɓawa ba ta bari a yi. Ashe bankwana take yi da mu a hankali.

Da kuka da magiya na samu ta yarda muka shiga motar Birnin Kudu. Duk hanya tana kallon gonakin dawa kamar ba za ta sake ganinsu ba, ni kuma ina riƙe da gefen mayafinta.

A asibiti likita ya daddanna wurin, ya duba da na'ura, sannan ya ɗago.

"Hajiya, a ina kike yin allurar?"

Ta nuna kan kullutun.

"Kullum nan?"

"To likita, nan ne ba ya zafi. Wa zai bar wurin da ba ya ciwo ya je neman mai ciwo?"

Ya yi dariya har da ajiye biro. "Kitse ne, Hajiya. Kin yi ta zuba taki a gindin shuka ɗaya, dole ta fi sauran girma." Ya nuna mata yadda za ta riƙa sauya wuri, ya daidaita mata yawan maganin, ya ce kullutun zai sace da kansa.

Muna fitowa ta tsaya a inuwar darbejiya, ta yi hamdala, ta goge ido. Can sai ta juyo ta dube ni.

"Ke, zannuwan nan fa aro na ba ki."

Ban taɓa jin daɗin a ƙwace mini abu kamar ranar ba.

Sai bayan shekaru, a aji, na ji yadda abin yake. Ashe insulin ɗan aike ne. Idan ya yi sallama a jikin ƙwayar kitse, sai ta fito da ƙofofin da ta ɓoye a cikinta, suga ya shiga, ta mai da shi kitse ta adana. Ƙwayoyin gefen cibiyar Inna kullum su ake yi wa sallama, su kuwa ba su taɓa ƙin amsawa ba. Tun daga nan na riƙe cewa abin da aka rufe da zani ya fi girma a zuci fiye da a jiki, kuma da ta nuna shi da wuri, da ba ta yi watanni tana yi wa kanta makoki ba.