Ƙaramar Tukunyar Mama Juliana

Kafin jiniyar reluwe ta ƙarfe bakwai ta busa, hayaƙi ya riga ya tashi daga rumfar Mama Juliana. Duk wanda ya yi aikin jirgin ƙasa a Kaduna ta Kudu ya san rumfar nan. Tana kan ɗan tudun da ke bayan shagon gyaran inji, ta hanyar Kakuri, a gindin wani tsohon mangwaro. Da sanyin safiya za ka gan ta tana hawowa daga bakin kogi da kwando a ka, alayyafo da yakuwa da gauta na lambun da take nomawa da hannunta. Nama kuwa wajen mahautan kasuwa take saye, yankan Musulmi, don kowa ya ci hankali kwance. Sai ta hura wuta, ta ɗora tukwanen miya biyu, babba da ƙarama.

Bana, wannan shekara ta 1959, bayan shekara ashirin da biyu tana ciyar da mu, ta ce gwiwa ta gaji, za ta koma garinsu a Kudancin Zariya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ni Tanimu, akawun shagon kaya na tasha, ba marubuci ba ne, lambar tarago kawai na iya rubutawa. Amma in ni ban faɗa ba, wa zai faɗa?

Kai, Allah ya ji ƙan kwanakin baya! A farkon shekarun nan, kafin a gina masaƙa, Kakuri bukkoki ce da gonakin dawa, kana zaune a rumfar kana hango kogi. Da an busa jiniyar rana sai mu cika bencinta: makanikai Ibo da baƙin mai har gwiwar hannu, masu duba tikiti Yarabawa, leburori 'yan Kagoro da Zonkwa, da mu Hausawa. Kwano ɗaya na wanke hannu ke zagaya mu duka. Babbar tukunya ita ce ta kowa, manja yana iyo a kai, ga kitse, ga kanwa, ga gishiri har sai ka nemi randa. Ƙaramar kuwa ganye ne da wake da busasshen kifi, daddawa da citta, gishirin ciki kamar an aro shi daga maƙwabta. Mun sa mata suna tukunyar majinyata, kuma babu namijin da ke son a gan shi da ita.

A 1952 ina da shekara arba'in da bakwai, ina kuma da tumbin da nake alfahari da shi. A lokacin ai tumbi shi ne shaidar ka samu. In na wuce sai a ce, "Akawu, jiki ya yi kyau!" ni kuwa in ƙara turo shi gaba. Na sayi keke, ko masallacin da ke bakin layinmu a Makera da shi nake zuwa. Abu ɗaya ne ba na son tunawa. Mahaifina, shi ma mai jiki ne, ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kasuwa yana da arba'in da tara. Bai ga jikansa ko ɗaya ba. Muka ce kwana ne ya ƙare, muka rufe maganar.

Ran nan na jingine keke, na hau tudun, na zauna. Sai ga tuwon acca a gabana da miyar ƙaramar tukunya.

Na ce, "Mama, ko ba ki gane ni ba ne? Ni ne fa Akawu."

Ta ce, "Na gane ka sarai. Tun kana gindin tudu nake jin numfashinka kamar zugazugin maƙera. Miƙo ƙafarka."

A gaban jama'a ta durƙusa, ta danna babban yatsanta a ƙaurina. Da ta ɗaga, ramin ya zauna, ya ƙi tasowa, kamar ta danna tuwo.

Ta ce, "Ka gani? Haka ƙafar Shekari ta yi."

Shekari mijinta ne, mai zuba gawayi a inji, ƙato, mai son gishiri da kitse. Ƙafa ta fara kumbura, sai haki, sai ya kasa kwanciya. Da aka kai shi asibitin mishan, wata sista ta ce wa Juliana zuciyarsa ce ta gaji, ta cire masa gishiri da mai. Ta cire, amma an makara. Ya rasu a 1949. Sati biyu bayan jana'iza ta ɗora ƙaramar tukunya, kuma tun daga ranar take sauraron numfashin duk wanda ya hawo tudun.

Ni duk wannan bai shige ni ba a ranar. Abin da na ji shi ne dariyar Alexander, direban jirgi, Ba'ibo, abokina kuma abokin tsokanata. Ya buga benci ya ce, "Jama'a ku zo ku gani, Akawu ya yi ritaya daga nama!" Wallahi na ji kunya, na kuma ji haushi. Na ture kwanon na ce, "Yaushe mai tuwo ta zama likita?" Na sauka na hau kekena. Mako uku ban taka rumfar ba, na koma wajen mai balangu, ina zaɓar mai kitse da gayya.

Wata Talata, ina sallar azahar, na ɗago daga ruku'u sai duniya ta yi duhu. Ƙirjina ya yi nauyi kamar an aza mini buhun gyaɗa. Na zauna a kan tabarma ina gumi, ba abin da nake gani sai mahaifina kwance a kasuwa, hularsa can gefe. Na tuna 'yata Rakiya, ita kaɗai Allah ya bar mana. Na ji tsoro, tsoro na gaske. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Washegari na hau tudun, sai da na huta sau biyu a hanya. Na shirya jin gori, amma sai ta zuba mini ruwa. Da numfashi ya dawo ta ce, "Akawu, ka yi gaskiya, ni ba likita ba ce. Tashi yanzu ka je asibiti su ɗaura maka robar nan a dantse. In ka dawo, tuwonka na nan."

Na je. Likita ya ɗaura, ya hura, ya girgiza kai, ya ce jinina ya hau ƙwarai, zuciya ta fara gajiya. Ya ba ni magani, sannan ya ce in rage gishiri, in bar kitse, in ci ganye, in riƙa tafiya da ƙafa. Abin da ta faɗa mini da ludayi, shi ya maimaita da Turanci.

Ba ta tsaya nan ba. Ran Lahadi daga coci ta zarce gidana, ta zauna a madafa da mai ɗakina, ta nuna mata yadda daddawa da citta da ɗan tsamin yakuwa ke tayar da miya ba sai an danna gishiri ba. Keke kuwa ta kafa masa doka: "In na ga ƙarfen nan a gindin tudu, babu tuwo." Haka na fara takowa daga Makera, in zaga ta bakin gada, in dawo tasha. Da fari ni kaɗai, yara na cewa an ƙwace wa Akawu keke. Daga baya waɗanda ta danna wa ƙauri suka yi ta ƙaruwa, har muka kai mu goma sha ɗaya, muna tafe muna hira da safe. Duk ta tura su asibiti, duk ta shiga madafar matansu. Ku tambaye su, tara suna nan da rai.

Alexander dai ya kafe. Kullum sai ya ɗaga murya: "Mama, babbar tukunya! Ni ba majinyaci ba ne." Ita kuwa ta zuba masa ba musu. Abin mamaki, shekara na tafiya yana ƙara huda bel ɗinsa, ya daina barcin da yake yi a kan benci bayan cin abinci. Ya ce ƙarfin jini ne na gidansu.

Asabar ɗin da ta wuce muka taru don sallama, har da waɗanda suka yi ritaya. Alexander ya miƙe zai yi jawabi. Ya yabe ta, ya yabe ta, sannan ya bugi ƙirji ya ce, "Amma ku shaida, shekara goma ban taɓa ɗanɗana tukunyar majinyata ba, ga ni garau!"

Mama ta yi dariya har tana share hawaye da bakin zane. Ta ce, "Alexander, zauna. Shekara biyar ke nan miya ɗaya ce a tukwanen nan."

Muka dubi juna, muka dubi tukwanen.

Ta ce, "Na ga in na bi ta bakinku sai na binne ku ɗaya bayan ɗaya. Sai na riƙa rage wa babbar gishiri kowane wata, ɗan kaɗan, yadda harshe ba zai kai ƙara ba. Haka manja, haka kitse. Tattasai nake ƙara mata ta yi ja, ku ɗauka mai ne."

Alexander ya buɗe baki ya ce, "To, ƙaramar fa, ta mece ce?"

"Ƙaramar ta masu jin magana ce. Babbar ta masu taurin kai."

Aka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Alexander ya cire hula, ya tsaya yana kallon babbar tukunya kamar yau ya fara ganinta, sannan ya durƙusa a gabanta. Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja ba sai ranar.

Mama Juliana, ke ce uwar tasha. Ke ce kika rasa naki, maimakon ki rungume baƙin ciki, kika tsare na wasu. Ba ki da farar riga, ba ki da takardar shaida, babu wanda zai rataya miki lambar yabo. An yi miki gori, ni ma na yi, kika shanye. Mata nawa ne a Makera da Kakuri yau suke da miji saboda ke, ba su ma sani ba? Ki yafe mini kwanon da na ture.

Ku kuma masu riƙe da ludayi, a gida ko a kasuwa, lafiyar mutane tana hannunku, ku sassauta gishiri da mai. Maza 'yan uwana, tumbi ba arziki ba ne. Ku taka ƙasa da ƙafa, kuma in haki ya fara ko ƙafa ta kumbura, ku je a auna ku tun da sauran lokaci.

Jiya Litinin, kafin jirginta ya tashi, na je yi mata ban kwana. Shekarata hamsin da huɗu, na haura mahaifina da biyar. Na ɗora jikata, 'yar Rakiya, a wuya, na hau tudun da ita ban tsaya ba. Mama ta ba ni baya, tana ɗaure tukwane a cikin buhu. Sai da na yi sallama ta juyo a firgice. Ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta dafa ƙirji.

Ta ce, "Akawu! Yau ban ji tahowarka ba."

Na gode, Mama. Allah ya kai ki gida lafiya, ya ba ki tsawon ran da kika nema wa wasu.