Kwalaben da Oga Istifanus ya bari a rijiya

Ina bakin shagon mai faci a Kamazou, an cire tayar motata, samari sun kewaye ni ina ba su labari suna ta dariya, sai waya ta shigo. Mama Saratu ce, matar Oga Istifanus. Ban gama gaishe ta ba ta ce, "Janar, Oganka ya huta." Shikenan abin da ta iya faɗa, sai kukan mata da nake ji a bayanta. Na zauna a kan tayar nan. Samarin suna jira in ƙarasa musu labari, ni kuma har yau ban tuna inda na tsaya ba.

Ku yi haƙuri da rubutuna. Ni Bulus, wanda duk unguwar Television ta sani da Janar, bakina ya fi hannuna aiki nesa ba kusa ba. In magana ce, a tara mutum ɗari in sa su dariya har su riƙe ciki. Amma wannan ba ta dariya ba ce, kuma babu wanda zai rubuta ta in ba ni ba, don ni na fi kowa daɗewa a gefenshi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Oga Istifanus mutumin Filato ne. Ya yi shekaru yana riƙe da wajen shaye-shaye a wani babban otal a nan kudancin gari, da ya ajiye aiki ya buɗe ƙaramin shagon wayin, wato giyar inabi, a Television. Ni direba na fara mishi, ina kawo katon-katon. Ranar da na fara shiga shagon na same shi ya ɗaga gilas sama yana kallon shi a hasken taga kamar mai duba ƙwai. Ya juya shi a hankali, ya sa hanci, ya kurɓa, ya yi wasa da shi a baki, sai ya tofar a wani tsohon kofin silba. Na ce Oga, in ba ka so ai ga bakina nan, ba ya ƙin baƙo. Bai yi dariya ba. Ya ce in zauna in ina son koyo, in kuma sha nake so ga hanya nan, mashaya ta fi shagonshi yawa a unguwar.

Na zauna. Haka na zama ɗalibinshi, kuma ba yabon kai ba, duk tsallaken kogi babu hanci na biyu da ya kai nawa. Na farkon shi ne muka binne.

Yana da maganar da yake yawan faɗa: "Ido tukuna, sai hanci, baki shi ne na ƙarshe." Wata kuma don ni ya ƙirƙiro ta, ya ce mai tofarwa ma'aikaci ne, mai haɗiyewa kwastoma ne, in zaɓi wanda nake so in zama kafin ƙarshen wata. Bai taɓa koya mini da sunayen 'ya'yan itacen Turawa da ban taɓa gani ba. In ya zuba mini jan wayin sai ya ce me na ji. In na ce daɗi, ya ce daɗi ba amsa ba ce, yaro ma ya san daɗi. Sai in sake sa hanci in ce kamar ɗinya, ko kamar zoɓon da bai sha sukari ba. Ya ce to yanzu ka fara magana. Baurin nan da yake kama dasashi kamar ka tauna ɗanyen goro, ya ce shi ne ƙashin jan wayin, wanda ba shi da shi ba zai jure ajiya ba. Fari kuma tsaminshi yake nema, irin na lemun tsami ko gwaibar da ba ta gama nuna ba, tsamin da zai sa yawu ya taru. Akwai wani ja da ya ce yana tuna mishi da atili na garinsu, duk ranar da muka buɗe irinshi sai ya daɗe yana kallon titi.

Ya koya mini gane wayin da ya mutu ma. Wanda matoshinshi ya lalace, warin jiƙaƙƙen kwali yake yi. Wanda rana ta dafa a bayan mota, kamar miyar da ta kama a tukunya. Wata rana aka kawo mana kaya da suka kwana biyu a rana a hanya. Ya buɗe ɗaya, ya shinshina, ya ce in kwashe katon ɗin in juye a kwata. Na ce Oga, mutanenmu fa da lemon kwalba suke haɗawa, wa zai gane? Ya ce, "Ni na gane." Na juye ina jin kamar jinina nake zubarwa, shi kuma yana tsaye har kwalbar ƙarshe.

Duk da haka bai raina bakin kowa ba. Wasu yara miji da mata sun taɓa shigowa suna neman na bikin cika shekara da aurensu, suka zaɓi wani mai zaƙi kamar alewa. Na fara musu tsiya, na ce wannan ai na 'yan yaye ne. Oga ya naɗe musu shi da kyau, ya ce su sa shi ya yi sanyi kafin su buɗe. Da suka fita ya ce mini bakin mutum nashi ne, aikinmu mu tabbatar abin da ya saya lafiyayye ne, ba mu koya mishi abin da zai so ba. Waɗanda cocinsu ba ta yarda da giya ba, kantarsu daban take, ta wayin mara sa maye, kuma bai yarda a haɗa su ko da kuskure ba. Wanda ya shigo yana tangaɗi kuwa, ruwa zai ba shi ya raka shi ƙofa.

Yanzu in zo kan abin da ya hana ni sukuni. Kowa ya san zafin garin nan da halin wutarmu. Firij ba abin dogara ba ne. Don haka Oga yana da dabararshi a gidanshi na Mahuta. Akwai rijiya mai zurfi a ƙarƙashin mangwaro, a ciki yake rataye kwandon roba da igiya, kwalabe a kwance, a saman ruwa kaɗan inda sanyi yake, ba a cikin ruwan ba. Can ya ajiye waɗanda ya ware don auren autarshi Rahila. Ɗaya bayan ɗaya ya tara su, ja da fari. Akwai wata ja guda mai nauyi, gindinta ya lotsa ciki sosai, ya ce wannan ta teburin iyayen ango ce, shi da hannunshi zai buɗe ta, shi zai ɗanɗana kafin a zuba wa kowa. Ya ce shekara da shekaru yana tsayawa a bikin 'ya'yan mutane ba a taɓa zuba mataccen wayin a gabanshi ba, to a na 'yarshi ne zai nuna iyakarshi.

An sa rana, an buga kati, damina ta kama, sai hawan jini ya kayar da shi a shago. Ɓarin jiki ɗaya ya shanye, magana ta tafi. Kullum ina asibiti. Na kwashe duk labaran da nake da su na zuba mishi, har da na ƙarya, har da wanda na ce na taɓa tsere wa kada a kogi da silifas. Nas-nas suna dariya, masu jinyar gadon kusa suna dariya, Oga yana kallona kawai. Wata rana na zo mishi da matoshin wata kwalba da yake so, na kai mishi hanci. Ya juyar da kai, hawaye ya gangaro ta gefen da bai shanye ba. Na mayar da abina aljihu.

Akwai abin da yake ta yi da hannunshi mai lafiya. Sai ya damƙe iska ya ja sama, ya sake damƙa ya ja sama, yana kallona yana wani gurnani. Na ce a ɗaga gadon ne? Na ɗaga. Na ce bargo? Na ja mishi. Mama Saratu ta ce ko sama yake nunawa, yana so a yi addu'a, muka kira Pasto aka yi. Ya rufe ido kamar wanda ya gaji da mu duka. Mu biyun nan, ita da ta haifa mishi 'ya'ya da ni da nake cika baki na san tunanin Oga kafin ya yi shi, babu wanda ya gane.

Bayan mun dawo daga biso a ƙauye, dangi suka zauna kan maganar auren. Wasu suka ce a ɗaga. Mama Saratu ta ce ba za a ɗaga ba, shi ya sa ranar da bakinshi, a yi shi dai ba hayaniya. Sannan ta juyo ta ce ni zan tsaya a wurinshi a kan kwalaben. Na ce Mama ki kwantar da hankalinki, Janar na nan. Na je bakin rijiya na kama igiya, na ja, na sake ja. A ja na biyun nan hannuna ya gaya mini abin da Oga yake nuna mana a gadon asibiti. Ruwan damina ya hau. Ashe duk shekara in ruwa ya fara hawa yana rage tsawon igiyar, mu ba mu sani ba. Kwandon ya nutse gaba ɗaya. Takardun jikin kwalaben sun saɓule sun narke, babu suna, babu shekara, matosan sun sha ruwa Allah kaɗai ya san tun yaushe. Na zauna a bakin rijiyar da kwando a gabana. Kuma ba a buɗe wayin a gwada a mayar a jira biki. Sai ranar.

Ranar ta zo. An ɗaura a coci, aka dawo tsakar gida a Mahuta, kujeru kaɗan, ba kiɗa sosai. Mutanen ango 'yan Binuwai ne, sun zo da mutunci, sun san gidan makoki suka shigo. Na sa farar rigar Oga ta aiki duk da ba ta rufe mini tumbi. Na fara da fararen. Biyu daga ciki ina sa hanci na ji jiƙaƙƙen kwali, na juye su a gindin mangwaro ban tambayi kowa ba. Sauran tsaminsu na nan garau, na ce a zuba. A raina na ce Oga ka gani ko, ɗalibinka bai yi asarar kujera ba.

Sai na ɗauko mai nauyin. Matoshin ya fito rabi a jiƙe, yana marmashewa. Na zuba kaɗan na ɗaga a haske. Launin ya ja baya, bakin-bakinshi kamar jan bulo. Oga ya taɓa ce mini tsohon ja mai kyau haka yake yi, kuma ya taɓa ce mini wanda iska ta shiga haka yake yi. Na shinshina. Na ji ƙasa, na ji kamar busasshen ganye, na ji wani abu can ƙasa da ban san sunanshi ba. Ko ƙamshin tsufa ne, ko rijiya ce ta shiga, ban iya rabewa ba. Irin wannan kwalbar ban taɓa buɗe ta ni kaɗai ba. Na kurɓa, na juya, na tofar. Na sake. Iyayen ango suna riƙe da gilas babu komai a ciki, suna kallona.

Rahila ta taso da farar rigarta ta zo kusa da ni. A hankali ta ce, "Kawu Janar, yaya?"

Na ce, "Rahila, ban sani ba."

Ta kalli kwalbar ta ɗan jima. Ta ce, "Baba ne ya zaɓa. Zuba musu."

Na zuba. Suka sha, suka yaba. Baban ango ya ce bai taɓa shan irinshi ba, wanda magana ce mai fuska biyu. Ƙanin baban kuma ya ce ya yi daɗi ƙwarai, amma da idona na ga ya tsiyaya lemon kwalba a kai kafin ya kai baki. Mama Saratu ba ta sha, ba ta taɓa sha ba. Ta riƙe hannuna ta ce na fitar da su kunya. Ko na zuba wa surukan Oga abin da ya yi shekaru yana tanadi, ko na zuba musu mataccen wayin a tsakar gidanshi a auren autarshi, mutum ɗaya ne a garin nan zai iya gaya mini, kuma yana kwance a Filato. Kwalbar ta ƙare, babu ta biyu.

Ubangiji ya ji ƙan bawanshi Istifanus, ya yafe mishi kurakuranshi, ya karɓe shi a wurin hutawa inda babu ciwo, ya buɗe mishi bakin da ya rufe a nan. Allah ya riƙe Mama Saratu a gidan da ya yi mata girma yanzu, ya ta'azantar da 'ya'ya da jikoki da dangi na nan da na ƙauye. Ya sa albarka a auren Rahila, ya ba ta gida mai salama, kada hawayen da ta shiga da shi ya bi ta ɗaki. Ni kuma ku sa ni a addu'a. Mama ta ce kada a rufe shago, sabon kaya yana hanya, kuma ni kaɗai zan tsaya a bakin tagar nan in ce wannan a sayar, wannan a zubar. Allah ya taimake ni. Amin.