Maɓallin Roba a Ramin Kawu

Da shugaban sashenmu ya share ƙasar da buroshi, maɓallin riga na roba ya bayyana tsakanin ƙasusuwan mutum da Kawu ya tarar a ramin da yake haƙa.

Kawu mai haƙar rijiya ne tun yana saurayi, kuma da gumin digarsa na yi karatu. Tun da na samu aiki a sashen tono na gidan tarihi, ko gutsuren tukunya ya haƙo sai ya naɗo a tsumma ya kawo ofis, yana cewa, "Ɗan boko, ga kwanon kakanninka." Ni na koya masa in ya ga ƙashi ya dakata ya kira mu. Ya kuwa kira, har da murnarsa.

Shugaban ya ce, "Baba, mutanen zamanin da ba su san roba ba. Wannan aikin 'yan sanda ne."

Kawu ya dube ni. "To ka gaya musu tarar da shi na yi."

Da 'yan sandan suka zo na faɗa, amma suka tafi da shi, laka ko bushewa ba ta yi a ƙafarsa ba. An kai ƙasusuwan asibiti a gano yaushe aka binne mutumin. Har yau sakamakon bai fito ba, Kawu yana tsare.